Software Manager na Linux Mint ba ya ganin manhajojin da ke kwamfutata, sabuntawa kuma ta daina zuwa

Mai Shagon Buga Takardu

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna amfani da Linux Mint a kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a kwamfutar da nake aikin shago da ita. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta hannu, an ɗora mata Linux Mint 22 mai fuskar Cinnamon, kuma aikinta buga takardu, gyara hotunan fasfo da tura su ga firinta. Babban batirinta ya mutu, saboda haka da wutar lantarki ko janareta kaɗai take aiki, kuma ba kullum take kan intanet ba, sai buƙata ta taso in haɗa ta da datar wayata.

Idan na buɗe Software Manager na zaɓi wurin da ke nuna manhajojin da aka girka, 'yan ƙalilan kawai nake gani. LibreOffice da nake buga takardu da shi kullum ba ya cikin jerin, Firefox ba ya ciki, direban firintar da na sauko daga shafin kamfaninta ba ya ciki, haka nan wata manhajar gyaran bidiyo da aka ba ni a fayil mai ƙarewa da AppImage. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne GIMP. Yana nan, yana buɗewa, ina gyara hotuna da shi, amma idan na neme shi a Software Manager sai in tarar da maɓallin girkawa, tamkar ba a taɓa sa shi ba.

Bayan wannan, Update Manager ya daɗe yana nuna mini garkuwarsa da alamar cewa komai ya kammala. Wani maƙwabcina da ke amfani da siga ɗaya da tawa yana samun sabuntawar Firefox da ta tsaro a kai a kai, ni kuwa shiru kake ji. Ko na danna maɓallin Refresh, sai ya ɗan yi juyi ya dawo da amsar da ya saba.

Wani ya ba ni shawarar in goge duk abin da ke cikin `/var/lib/dpkg` domin kwamfutar ta sake lissafa kayanta daga farko, wani kuma ya ce in sake ɗora Linux ɗin baki ɗaya. Ban yi ko ɗaya ba, domin akwai takardun mutane a ciki, kuma sake ɗorawa zai ci datar da ba ni da ita a yanzu. Shin waɗannan abubuwa duka ciwo ɗaya ne? Daga ina ya kamata in fara? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Birnin Zazzau

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, don Allah kada ka taɓa `/var/lib/dpkg`. Wanda ya ba ka shawarar yana zaton kwamfutar za ta iya sake gina wannan wurin da kanta, kuma ba za ta iya ba. A cikinsa akwai fayil mai suna `status`, wanda a nan ne aka rubuta kowane ƙunshin manhaja da aka girka, sigarsa, da abin da ya dogara da shi. Idan ya ɓace, fayilolin manhajojin za su kasance a kan faifai, amma tsarin ba zai san ko ɗaya daga cikinsu ba, ba zai iya sabunta su ko cire su ba. Akwai kwafin ajiya a `/var/lib/dpkg/status-old` da kuma cikin `/var/backups`, amma mayar da su aiki ne na mai haƙuri, kuma babu dalilin jefa kanka cikinsa alhali babu wata shaida tukuna cewa fayil ɗin ya lalace.

Tunda kai mai shago ne, bari in kwatanta maka da shago. Wancan fayil na `status` shi ne littafin da aka rubuta kayan da ke kan kanta. A `/var/lib/apt/lists` kuma akwai takardun da dila ya aiko, masu nuna kayan da ke rumbunsa da sabbin da suka shigo. Software Manager yaron shago ne da ke amsa wa mai saye, yana duba littafin da takardun dila, amma yana da ɗan littafinsa na aljihu da yake rubuta abin da aka ƙara daga baya. Idan amsarsa ta saɓa wa abin da idonka ke gani, sai a bincika ko littafin ne ya ɓaci, ko takardun dila ne suka tsufa, ko kuwa daga ɗan littafin aljihunsa ya karanto maka.

Da wannan za ka ga cewa kashin farko na tambayarka ba lalacewa ba ce. Jerin manhajojin da aka girka, wanda kake buɗewa daga menu, yana nuna waɗanda aka ƙara bayan an ɗora Mint ne, tare da na Flatpak (wata hanyar girka manhaja ce daban da ta tsarin) da yake kula da su. LibreOffice da Firefox sun zo tare da Mint tun ranar da aka ɗora shi, shi ya sa ba sa cikin wannan jeri. Ka rubuta sunan ɗayansu a wurin bincike, za ka ga alamar cewa an girka shi, kuma shafinsa zai ba ka damar cirewa. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan, kuma a ganina sunan da aka ba jerin ya fi abin da ke cikinsa faɗi. Idan cikakken lissafi kake so, umarnin `apt list --installed` zai kawo maka shi, sai dai ka shirya ganin layuka sama da dubu, domin har ƙananan ƙunshin da tsarin ke tafiya a kansu suna ciki.

Direban firinta yana cikin littafin dpkg, wato fayil ɗin `status`, muddin fayil mai ƙarewa da deb ne, amma ba ya cikin takardun kowane rumbu, don haka apt, mai saukowa da ƙunshi daga rumbu, yana sa masa kalmar "local" a gefen sunansa. Ma'anarta ita ce an san yana nan, amma babu inda za a nemo masa sabuwar siga. Wasu kamfanoni, kamar Google da Chrome ɗinsa, suna haɗa adireshin rumbunsu a cikin fayil ɗin deb, ya shiga `/etc/apt/sources.list.d` lokacin girkawa, daga nan sabuntawa ta riƙa zuwa tare da sauran. Wanda bai yi haka ba, kai ne za ka koma shafinsa ka sauko da sabo. AppImage kuwa ba a girka shi ko kaɗan. Fayil ɗaya ne da ke ɗauke da komai nasa, ana buɗe shi daga inda aka ajiye shi, babu littafin da sunansa ya shiga, saboda haka Software Manager da Update Manager ba za su taɓa ganinsa ba.

Maganar GIMP tana da hanyoyi biyu da nake zargi. GIMP yana samuwa a matsayin ƙunshin tsarin daga rumbun Ubuntu, wanda Mint ya ginu a kansa, yana kuma samuwa a Flatpak daga rumbunsa mai suna Flathub, kuma a wurin kwamfuta waɗannan abubuwa biyu ne daban ko da suna da tambari ɗaya. Mai yiwuwa ɗaya aka girka, kai kuma shafin ɗayan kake kallo. Ko kuma an girka na Flatpak ɗin ga mai amfani ɗaya kaɗai, wanda ke zama a `~/.local/share/flatpak`, alhali Software Manager yana aiki da wanda aka girka wa kwamfutar baki ɗaya a `/var/lib/flatpak`.

Abin da ya dame ni a bayaninka shi ne kashi na ƙarshe, domin shi ne ya shafi tsaro. Update Manager ba ya leƙa intanet ya ga ko akwai sabon Firefox. Abin da yake yi shi ne gwada littafin dpkg da jerin da ke ajiye a kwamfutar. Idan jerin ya kasa sabuntuwa, tsohon ne zai tsaya, kuma da yake ka riga ka girka duk abin da ke cikin tsohon, gwajin zai fito da cewa babu sabo. Garkuwar ba ta yi maka ƙarya ba, amma a kan tsohon labari ta yanke hukunci. Ka haɗa kwamfutar da intanet, ka buɗe Terminal, ka shigar da waɗannan ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kawo mana abin da suka ce ba tare da ka rage komai ba, musamman layukan da suka fara da E ko W:

`sudo apt update`
`apt policy gimp`
`flatpak list --system`
`flatpak list --user`
`sudo dpkg --audit`
`timedatectl`

Babu wanda zai goge ko ya girka wani abu a cikinsu. Na farkon ne kaɗai zai ci data, shi ma jerin sunaye ne kawai yake saukowa da su.

Mai Shagon Buga Takardu

Malam, na gode ƙwarai da wannan bayani, Allah ya ƙara ilimi. Na nemi LibreOffice a wurin bincike, kuma kamar yadda ka faɗa, yana ɗauke da alamar an girka shi.

Ga abin da umarnin suka kawo. `sudo apt update` ya fitar da layuka masu farawa da E, kowanne yana cewa fayil ɗin Release "is not valid yet", ya kuma ƙare da "Updates for this repository will not be applied". Layukan sun ambaci noble-updates, noble-security da wilma. Wanda ya ce noble kawai bai kawo kuskure ba. `apt policy gimp` ya nuna babu wanda aka girka, kodayake ya nuna cewa akwai 2.10.36 a rumbu. `flatpak list --user` kuwa ya kawo org.gimp.GIMP da wasu abubuwan da ban san su ba. Ɗan yayata ne ya girka mini shi ta Terminal. `sudo dpkg --audit` bai ce komai ba.

`timedatectl` ya nuna sa'a daidai, amma ranar da watan sun koma baya da nisa, kuma ya rubuta "System clock synchronized: no" da "NTP service: inactive". A ƙasan allo sa'a kawai ake gani ba tare da kwanan wata ba, kuma da safe idan na ga ta kauce nakan daidaita ta da hannu. Akwai wani abu kuma da ban ambata ba don ina ganin bai shafi wannan ba: Firefox yana yawan cewa shafukan da nake buɗewa ba su da tsaro, har nakan koma waya in buɗe su.

Malama Mai Gyaran Kwamfuta

Malam Mai Shago, abin da ka ce ba ka zaci ya shafi maganar ba shi ne ya tabbatar da ita. Agogon kwamfutarka ne tushen rashin sabuntawar, kuma shi ne ke sa Firefox ƙorafi.

Kowane rumbu yana da fayil ɗin da aka sa wa hannu, mai suna InRelease ko Release, kuma a cikinsa akwai ranar da aka fitar da shi. Idan apt ya sauko da shi ya ga ranar tana gaba da agogon kwamfutar, sai ya ƙi karɓa, domin a lissafinsa takarda ce daga ranar da ba ta zo ba. Dubi yadda kuskuren ya rabu a wurinka. Rumbun noble shi ne ainihin Ubuntu 24.04 da aka rufe a watan Afrilun 2024, wanda Mint 22 ya ginu a kansa, kuma ba ya canzawa, shi ya sa ya wuce lafiya. Noble-updates da noble-security da wilma (rumbun Mint 22 kansa) kuwa ana sake fitar da su a kai a kai, ranarsu kullum sabuwa ce, kuma ta cikinsu ne duk wani gyaran tsaro yake zuwa. Takardun shaidar shafukan intanet ma suna da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, da yawa daga cikinsu na kwana 90 ne kacal, don haka agogon da ya koma baya da watanni zai sa Firefox ya ga ba su fara aiki ba. Flathub ma ta irin wannan amintacciyar hanya ake shiga shi, saboda haka sabuntawar Flatpak ita ma ta tsaya.

Dalilin komawar agogon shi ne ɗan ƙaramin batirin da ke kan babban allon cikin kwamfutar, wanda ke riƙe lokaci idan an kashe ta. Muddin babban batiri yana da rai, rauninsa ba ya cika bayyana, amma naka ya mutu, don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka zare wayar wuta agogon yana rasa abin da zai riƙe shi. Idan kana mamakin abin da ya sa bai koma shekarar da aka ƙera kwamfutar ba, systemd, manhajar da ke tayar da tsarin, ne ke tura shi gaba lokacin tashi idan ya tarar da shi ya gaza ranar da aka gina shi kansa. Shi ya sa ranar take kama da ta gaskiya har mutum ba ya lura.

Gyaran gaggawa ba shi da wuya. Ka haɗa intanet, ka shigar da `sudo timedatectl set-ntp true`, ko ka shiga Date & Time a cikin System Settings ka kunna Network time, duk abu ɗaya ne. Ka tabbatar yankin lokaci Africa/Lagos ne idan a Najeriya kake, ko Africa/Niamey idan a Nijar, sa'arsu ɗaya ce. Ka ɗan jira, ka sake duba `timedatectl` har ka ga ya ce "yes". Hanyar da ake karɓo lokaci da ita ba ta buƙatar takardar shaida, don haka tana aiki ko da agogon ya kauce da nisa. A wannan shafin kuma ka kunna nuna kwanan wata a ƙasan allo, domin idonka ya riƙa kai wa gare shi. Wannan yana da muhimmanci a shagonka fiye da maganar sabuntawa, saboda duk takardar da ka ajiye a kwanakin nan tana ɗauke da ranar da ba ita ba.

Gyara na dindindin shi ne canza batirin. A mafi yawan kwamfutocin tebur CR2032 ne mai faɗin kwabo, ana zare shi a sa sabo. A na tafi-da-gidanka sau da yawa yana naɗe cikin leda da 'yar waya mai kai biyu, kuma wani lokaci sai an buɗe ƙasan kwamfutar gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Akwai ma waɗanda ba su da shi, da babban batirin suke riƙe lokaci. Ka kai wa mai gyara ya duba irin taka, kuma ka ce ya gwada sabon da mita kafin ya rufe, domin batirin da ya daɗe a kan tebur a rana yakan yi rauni tun kafin a saye shi.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi kafin ka danna Install Updates. Sabuntawar watanni ce ta taru, kuma kwamfutarka tana mutuwa nan take idan wuta ta ɗauke. Saukowa ba ta da haɗari, abin da ya sauka yana nan a `/var/cache/apt/archives` kuma za a ci gaba daga inda aka tsaya. Haɗarin yana lokacin girkawa, sa'ad da dpkg yake buɗe ƙunshi yana rubutu a littafinsa. Ka raba aikin gida biyu: `sudo apt-get --download-only dist-upgrade` zai sauko da komai ba tare da ya girka ba, kana iya yinsa da dare idan data ta fi araha. Sannan ka ɗauki kwafin ajiyar tsarin da Timeshift, ka kwafe takardun mutane a filashi domin Timeshift ba ya haɗawa da su a saitinsa na asali, ka tayar da janareta, ka bar Update Manager ya girka. Idan duk da haka aka yanke a tsakiya, `sudo dpkg --configure -a` sannan `sudo apt --fix-broken install` su ne masu ƙarasa abin da ya rage.

Baban Yara

Ni ma na taɓa ganin wannan kuskure, kuma abin da aka nuna mini shi ne a ƙara `-o Acquire::Check-Date=false` a bayan `sudo apt update`, nan take ya wuce. Wasu kuma suna goge abin da ke cikin `/var/lib/apt/lists` su sake saukowa. Shin waɗannan ba su fi sauƙi ba ga wanda ba zai iya zuwa wurin mai gyara yanzu ba?

Ɗan Birnin Zazzau

Baban Yara, umarnin da ka kawo yana aiki, amma abin da yake yi shi ne hana apt duba ranar, agogon kuwa yana nan a karkace. Firefox zai ci gaba da ƙin shafuka, Flathub ba zai buɗu ba, ranar da ke kan takardu za ta ci gaba da zama ba daidai ba, kuma Update Manager idan ya zo sabunta jerinsa da kansa ba zai yi amfani da wannan ƙarin ba. Kunna lokacin intanet da Malama ta faɗa layi ɗaya ne shi ma, ba ya buƙatar mai gyara, kuma yana warware su duka muddin an haɗa intanet bayan kunna kwamfutar.

Goge abin da ke `/var/lib/apt/lists` ba shi da haɗari irin na `/var/lib/dpkg`, domin ana sake samunsa daga rumbu, kuma yana da ranarsa. Idan saukowa ta yanke a tsakiya har jerin ya gurɓata, apt ya fara cewa "Hash Sum mismatch" ko ya ambaci MergeList, nan ne ake yinsa, kuma Mint ya tanadi maɓallin "Fix MergeList problems" a shafin Maintenance na Software Sources domin kada mutum ya rubuta umarnin gogewa da hannunsa. Amma a halin da Malam Mai Shago yake ciki zai ƙara masa wahala ne kawai. Zai rasa tsohon jerin da yake da shi, apt zai ƙi sabon saboda agogo, ya kuma ƙona data a banza. Shi ya sa nake dagewa a karanta abin da `sudo apt update` ya faɗa kafin a zaɓi magani. Da "NO_PUBKEY" ya rubuta, da maganar makullin sa hannu muke yi, wanda shi ma akwai maɓallinsa a wancan shafin. Da adireshi ne ya ƙi amsawa, da sai mu ce ya canza zuwa wani rumbun a Software Sources.

Mai Shagon Buga Takardu

Alhamdu lillahi, na bi yadda Malama ta tsara. Bayan na kunna lokacin intanet ranar ta dawo daidai, `sudo apt update` ya wuce babu kuskure, Update Manager ya cika da sabuntawa har da Firefox da kernel, kuma na girka su a kan janareta lafiya. Firefox ya daina ƙorafi. Batirin zan kai a duba mini ranar da kasuwa ta yi sauƙi.

Saura biyu. GIMP har yanzu yana nuna maɓallin girkawa kuma bai fito cikin sabuntawar ba. Sannan da na sake shigar da `sudo apt upgrade` don in tabbatar, ya ce akwai wasu ƙunshi da ya jinkirta, ya ambaci kalmar "phasing". Shin wani abu ne ya rage bai gyaru ba?

Ɗan Birnin Zazzau

Madalla, Malam. Maganar "phasing" ba matsala ba ce. Ubuntu yana sakin wasu sabuntawa kaɗan-kaɗan, a fara da wani kaso na kwamfutoci, idan ba a ga ɓarna ba a ƙara, har ya kai ga kowa. Sabuntawar tsaro ba ta bin wannan layi, nan take take zuwa. Ka bar su, za su sauka da kansu cikin 'yan kwanaki, kuma kada ka tilasta su. Idan wata rana ka ga ƙunshi ɗaya ya daɗe ba ya motsi, ka duba `apt-mark showhold` ko an riƙe shi da gangan, ka kuma duba Preferences na Update Manager, inda ake ajiye sunayen waɗanda aka ce a yi watsi da sabuntawarsu.

GIMP kuwa sakamakon da ka kawo ya riga ya ba da amsa: ɗan yayarka ya girka shi ga mai amfani ɗaya. Kana iya barinsa haka ka riƙa shigar da `flatpak update --user` lokaci zuwa lokaci. Amma tunda kai ta Update Manager kake aiki, wanda tun Mint 21.1 yake sabunta Flatpak tare da sauran, na fi son ka mayar da shi inda za a riƙa ganinsa. Ka cire shi da `flatpak uninstall --user org.gimp.GIMP`, ka bi shi da `flatpak uninstall --user --unused` domin a kwashe waɗancan abubuwan da ka ce ba ka san su ba, waɗanda ginshiƙan da yake tsaye a kansu ne, sannan ka girka shi daga Software Manager. Hotunanka ba za su taɓu ba. Sai dai ka sani za a sake sauko da ginshiƙan, kuma suna da nauyi, ɗaruruwan megabait ne, don haka ka duba girman da shafin ya nuna kafin ka amince.

A shafin za ka ga zaɓi tsakanin ƙunshin tsarin da Flatpak, kuma ya kamata ka san bambancinsu kafin ka danna. Na tsarin shi ne 2.10.36 da ka gani, ya fi sauƙin data, kuma a kan wannan zubi zai tsaya tsawon rayuwar Mint 22, wanda ake tallafa wa har 2029, domin rumbun Ubuntu gyara yake kawowa, ba ya sauya babbar siga. GIMP 3.0 ya fito a watan Maris na 2025, kuma ta Flathub ake samunsa. Don gyaran hoton fasfo na tsarin ya wadatar, amma idan ka buɗe wanda kake amfani da shi yanzu ka ga na 3 ne, kuma ka saba da shi ko kana da fayilolin aiki da ka ajiye da shi, ka tsaya a kan Flatpak, domin tsohuwar siga ba lallai ta buɗe abin da sabuwa ta ajiye ba.

Idan bayan haka Software Manager ya ci gaba da nuna tsohon bayani, ka zaɓi sabunta jerin ƙunshi daga menu ɗinsa. Idan bai isa ba, ka rufe shi, ka goge jakar `~/.cache/mintinstall`, ka sake buɗewa, zai ɗan jima a karon farko yana gina ta. Wannan jakar ajiyar wucin gadi ce, babu abin da za ka rasa. Har zuwa ranar da za a canza batirin, duk safiya ka haɗa datar wayarka na ɗan lokaci bayan kunna kwamfutar, ka duba kwanan watan a ƙasan allo kafin ka fara buga takardar kowa.